Godiya bayan taron sauraron sababbin waƙoƙinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, taron sauraron sababbin waƙoƙinmu da aka yi ranar Asabar a Kano ya tashi lafiya. Baƙin da suka taso daga Zariya, Katsina, Gusau, Jos da Maraɗi duk sun bugo sun ce sun sauka lafiya, kuma duk wanda ya san halin da hanyoyinmu ke ciki ya san wannan kaɗai ya isa a yi wa Allah godiya. A wurin taron an miƙo mini makirfo lokaci ya riga ya ƙure, masu ɗakin taro suna ta duban agogo, sai na faɗi abin da ya sawwaƙa na sauka. Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa. Akwai mutanen da "na gode" ɗaya a kan dandamali ba za ta sallame su ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan a tsanake.

Waƙoƙi uku muka saki kafin fitowar albam ɗin: ta soyayya wadda ta fi yawo a TikTok, ta iyaye mata, sai ta manoma da muka sa wa kalangu da gurmi. Sunana ne a kan dukkansu, hotona ne a jikin fasta, ni ake tarewa a hanya a ce a yi hoto. Amma da za a kasa aikin a faifai a ba kowa nasa, rabona ba zai kai yadda mutane ke zato ba.

Zan fara da mai sitidiyo da injiniyan sautinsa, can titin Gidan Zoo. Wanda ke Arewa a ƙarshen Oktoban 2024 bai manta ba. An riga an lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma wanda ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya sami matsala, jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. A daidai lokacin muke tsakiyar ɗaukar murya, ga litar fetur ta haura naira 1,000. Wanda bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba zai ɗauka rashin wuta ƙaramin abu ne, a tada janareta kawai a ci gaba. Ɗakin ba shi da taga, an liƙe bangonsa da soso don kada sautin waje ya shigo, kuma ko fanka ba a bari tana juyawa idan an danna ɗauka, domin makirfon yana jin abin da kunnen mutum ba ya ji. In ka daɗe a ciki ji za ka yi kamar an kifa maka tukunyar da aka sauke daga murhu. Ita kuma janaretar ƙararta na bin ƙasa ta shigo cikin waƙa. Injiniyan nan ya je ya roƙi maƙwabta aka ajiye ta can ƙarshen layi, ya sayo doguwar waya da kuɗinsa, muka koma aikin dare bayan 'yan adaidaita sahu sun tashi, titi ya yi shiru. Oga, kun ga yadda man ke tafiya amma ba ku ƙara mini ko sisi a kan cinikin da muka yi tun farko ba. Allah ya saka muku da alheri, ya buɗa wa sitidiyon nan. Maƙwabtan da suka kwana da ƙarar janareta a bayan ɗakinsu, ku ma ina roƙon Allah ya biya ku, don ni ba ni da abin biyan barcin da kuka rasa.

Sai 'yan amshi, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ku tambayi kanku, a waƙar soyayyar nan wane wuri ne ya zauna muku a baki? Amshin ne. Shi yara ke rerawa a hanyar makaranta, shi ake yankowa a ɗora a TikTok, shi mata ke bi a wurin kamu. Baitocin da na kwana ina saƙawa, mutum goma ba lallai a sami biyu da suka haddace su ba. To muryoyin da ke cikin amshin nan na wasu bayin Allah ne, mata biyu da namiji ɗaya, waɗanda za su wuce ta gabanku a kasuwa ba ku san su ba. Haka sana'ar nan ta taso. A fina-finan Hausa mawaƙiya za ta shiga sitidiyo ta zuba murya, jaruma ta hau waƙar a bidiyo tana motsa baki, duniya ta san jarumar, ita kuwa mai muryar an sallame ta da kuɗin zama tun ranar, an wuce wurin. In waƙar ta shekara goma tana kawo kuɗi, babu ruwanta. Ni a ganina wannan ba daidai ba ne, kuma daɗewar abu ba ta mayar da shi daidai.

Don haka godiyata gare su ba ta tsaya a baki ba. Mun zauna mun rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Sunan kowane ɗan amshi da kowane makaɗi zai fito a jikin albam da ƙarƙashin kowace waƙa a duk manhajar da aka ɗora ta, kuma kowa yana da kasonsa a cikin abin da waƙar za ta kawo, bayan kuɗin zaman da aka riga aka biya. Ba wata bajinta na yi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta san da zaman wanda ya rera da wanda ya kaɗa, ba marubuci kaɗai ba, kuma ta ce haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan abin da muke yi a ɗakin nan mai zafi gado ne da 'ya'ya da jikoki za su iya ci, in an rubuta. In ba a rubuta ba, sai rigima a gaban alƙali ko a shafukan sada zumunta, kuma duk mun ga irinta. Ina gode wa ƙanen nan namu lauya da ya zauna da mu ya warware mana takardar da Hausa, layi bayan layi, har kowa ya gane abin da yake sa wa hannu. 'Yan uwana mawaƙa, ba gori nake yi wa kowa ba, na san yadda aljihu yake. Shawara ce.

Baba mai kalangu, ku kam sai addu'a. Dattijon nan gadon kiɗan mahauta ya yi, ya kaɗa a kasuwa da gidajen biki tun ba a haife ni ba, amma bai taɓa sa abin sauraro a kunne ya bi kiɗan kwamfuta ba. Kalangu kuwa ba fiyano ba ne da za a ce masa tsaya a murya kaza. Matse shi ake yi a hammata, sautin ya hau ya sauka yana magana, ga fatarsa tana bin yanayi, in an shiga hunturu ta ɗame, in da laima ta saki. Furodusa ya so ya ja kalangun da na'ura ya daidaita shi da fiyano. Baba ya saurara, ya girgiza kai, ya nuna mana cewa an cire wa kalangun harshe. Ƙarshe dai fiyanon ce ta bi kalangu, aka sake gina kiɗan gaba ɗaya a kansa, har na'urar gyaran muryar da muka saba lafta wa waƙa aka rage ta sosai. Waƙar manoman da wasu ke cewa ta fita daban, to ga dalilin. A daren taron da ya hau dandamali, dattawan da ke zaune a gaba su suka fara miƙewa da liƙi, kafin samari. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya sa yaran gidanku su riƙe sana'ar. Shi ma mai gurmi, wanda ya baro garinsu ana tsakiyar girbi ya zo ya kwana a tabarmar sitidiyo, Allah ya sa albarka a gonarsa.

Wasunku sun san abin da ya faru da waƙar iyaye mata. Tun ba a gama tace ta ba, ɗanyenta ya fita ya shiga WhatsApp, babu amshi a rabinta, har tarina yana ciki. Ba zan kama sunan kowa ba, kuma na roƙi yarana su bar maganar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda masoya suka yi. Masu kula da zaurukan masoya suka bi suna gogewa, mutanen da ban taɓa gani ba suna rubuta wa abokansu cewa a jira ta gaskiya. Da muka saki kammalalliyar, ba ta rasa masu saurare ba. Na gode ƙwarai.

Wannan ya kawo ni kan masu turi, wato masu tura wa mutane waƙoƙi a waya, na kasuwar waya ta Farm Centre da na bakin tasha da na kasuwannin ƙauye. Na san mawaƙa da yawa ba sa son jin sunansu, kuma suna da hujja, domin ana tura waƙarka a memori a karɓi kuɗi, kai ko ƙwandala ba ka gani ba. Da can Ƙofar Wambai ake kai kaset, daga baya faifan CD, ɗan kasuwa ya saya ya buga, mawaƙi ya san abin da ya kama. Wannan kasuwar ta mutu, waya ta cinye ta. Sai dai a faɗi gaskiya, manomin da na yi wa waƙa ba shi da datar da zai buɗe YouTube, wani wurin ma sabis ɗin sai an hau tudu. Ta hannun mai turi waƙar ta isa gare shi, kuma shi ne gobe zai ce a ɗauko ni bikin 'yarsa. Mun je mun zauna da wasu shugabanninsu, muka roƙi abu ɗaya: kada a tura ɗanyen aiki, kuma a jira sai ranar da muka saki. Suka ce sun ji, suka kuma cika. Ina gode musu a kan wannan, maganar kaso kuma muna nan muna yi, ba ta ƙare ba.

Ku kuma da Allah ya hore wa data, ga inda taimakonku yake. Manhajar sauraron waƙa ta Boomplay tun 2015 take, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawancinmu ke riƙewa. Spotify ta shigo Nijeriya a 2021, kuma ba ta ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30. Ga Audiomack, ga YouTube wadda ba ta fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Abin da ke shigowa daga sauraro ɗaya bai taka kara ya karya ba, taruwa yake yi. In ka saurara a shafinmu na gaskiya, wani abu ya shiga asusun da 'yan amshin nan da Baba ke da kaso a ciki. In ka sauke daga shafin da ya kwafa, ya tafi aljihun wanda ko ƙofar sitidiyon bai sani ba. 'Yan uwa na Damagaram, Agadas da Yamai, na zangon Kumasi da Nima a Ankara, na Garwa da Ngaundare, da waɗanda ke Saudiyya da Turai, ina ganin saƙonninku a ƙarƙashin bidiyo, wasu da Faransanci a gauraye, sai an fassara mini. Allah ya bar zumunci.

Ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin da suka ba mu fili, na gode. Tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita a Kano, Arewa24 ta zo a 2014, kuma har gobe waƙar da direban tasi da mai shayi ba su ji a rediyo ba, ba ta gama shiga gari ba. Haka ma'aikatan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da suka duba aikin, da darakta da masu kyamara da editan bidiyo, da masu kiɗan biki da suka riƙa sa waƙoƙin ba tare da na roƙa ba, da samarin da suka tsaya a ƙofa ranar taro har aka watse ba a ɗaga wa kowa murya ba.

Inna, na bar ku a kusa da ƙarshe don na san ba kwa son a ambace ku a bainar jama'a. Lokacin da na fara waƙa hankalinku bai kwanta ba, domin a gidanmu ba a gaji roƙo ba, kuma kun ji abin da ake faɗa a kan mawaƙa. Ba ku hana ni ba, sharaɗi kuka gindaya: ban da zagin kowa, ban da batsa, ban da wasa da salla. A kansa nake har yau. Waƙar iyaye mata taku ce, ko da yake da aka kunna muku ita cewa kuka yi kiɗan ya yi yawa. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya jiƙan mahaifina. Uwargida kuma, wadda ta riƙe gida da yara ina kwanan sitidiyo, ta kuma riƙa aiko mana da tuwo a kula har da rabon injiniya, Allah ya bar mu tare.

Game da albam, an gama ɗauka, ana kan tace sauti. Ba za mu saki komai a cikin azumi ba, kamar yadda aka saba, sai bayan Ƙaramar Salla in Allah ya kai mu, kuma a shafukana kaɗai za a ji ranar. Duk wanda ya ce muku yana da albam ɗin a hannu kafin nan, ko ya nemi ku tura kuɗi don a sa sunanku a cikin waƙa, ba daga gare mu yake ba, kada ku ba shi. Masu neman mu je biki ko wasan Salla su bi ta hannun manaja, kuma su sani da 'yan amshi da makaɗana nake tafiya, a yi lissafi da su.

Wanda bai ji an ambace shi ba ya yi haƙuri, yawa ne. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kai mu watan Ramadan lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalam.