Kayan da ke ɗauke da adireshinsu

A shekarata ta biyu ta karatun kimiyyar halittu a nan Maraɗi, na shiga jarrabawa da yaƙinin cewa babin ƙwayar halitta yana cikin aljihuna. Na haddace sunayen sassanta da Faransanci, ina kuma iya zana ribozom da retikulum da Golgi ba tare da na dubi littafi ba. Sai ga tambaya guda: insulin, mai daidaita sukarin jini, da himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a jar ƙwayar jini, duka furotin ne, kuma ribozom, ƴan injinan haɗa furotin a cikin ƙwaya, su ne ke haɗa su, to me ya sa insulin ke fita daga ƙwayar da ta yi shi ya shiga jini, himogulobin kuwa ya yi zamansa a ciki? Na cika shafi biyu da sunaye, amma ban taɓa amsar ba. Ranar da malam ya mayar mini da takardata, ya dube ni ya ce, "Ɗana, sunayen unguwanni ka sani, hanyar gari ce ba ka sani ba."

Maganar ba ta zauna mini ba sai lokacin hutu, da na riƙa taya kawuna aiki a tasha, inda yake ɗan kamasho. Wata safiya wani dattijo ya kawo buhun gero zai aika wa ɗansa Yamai, kawu bai bari ƴan dako sun taɓa buhun ba sai da ya rubuta sunan mai karɓa da garin da lambar waya a jikinsa. Na tambaye shi labarin wasu buhuna biyu da suka yi ƙura a lungu, ya ce, "Waɗannan babu rubutu, wa zai ɗauke su?" Amsar jarrabawata ke nan. Himogulobin ba ya ɗauke da alamar tafiya, saboda haka inda aka yi shi nan yake zama, shi kuwa insulin da adireshinsa ake fara haɗa shi.

Günter Blobel ne, Bajamushen da ya yi aiki a Jami'ar Rokafela ta Amurka, ya kawo wannan ra'ayi tare da David Sabatini a 1971, ya tabbatar da shi a 1975, aka ba shi kyautar Nobel a 1999. Abin da ya nuna shi ne furotin ɗin da za a fitar yana farawa da wani ɗan guntun jerin amino asid (tubalan da ake gina furotin da su), wanda da zarar ya leƙo daga ribozom sai wani sinadari mai tsaro ya kama shi, ya dakatar da aikin, ya ja ribozom ɗin zuwa bangon retikulum, wani tarin ƴan ɗakuna a cikin ƙwaya, inda ake ci gaba da saƙa furotin ɗin ana tura shi ciki ta wata ƴar ƙofa. Da ya shiga, sai a yanke alamar, domin ta gama aikinta.

Tun daga nan na daina karanta babin a matsayin jerin sunaye, na koma bin furotin guda daga mafari zuwa masauki. Insulin yana farawa da amino asid 110. Idan aka cire 24 na adireshi, saura 86, waɗanda ake naɗewa a cikin retikulum, a ɗaure su a wurare uku. A nan akwai masu duba kaya da ba su san sani ko sabo ba, duk furotin ɗin da bai naɗu daidai ba ana tsare shi, in ya ƙi gyaruwa a mayar da shi baya a farfasa. Wanda ya tsallake sai a zuba shi cikin ƙananan jakunkuna zuwa Golgi, sashen rarraba kaya da ya ci sunan Camillo Golgi, likitan Italiya da ya fara ganinsa a 1898. Daga can ake ɗura shi a jakar ajiya, a yanke tsakiyarsa, a bar amino asid 51, su ne insulin da ke jiran sukari ya hau a jini kafin a sake shi. Guntun da aka yanke, mai suna C-peptid, tare suke fita, kuma da yake insulin na allura ba shi da shi, likitoci na auna shi don su gane ko jikin mai ciwon suga yana yin nasa har yanzu. Na so a ce da wannan aka fara koya mana, domin wanda ya ga amfanin abu ba ya buƙatar a tilasta masa hadda.

Sauran alamomin na wuce su cikin sauƙi. Furotin ɗin da za su je lizozom, jakar da ke narkar da sharar ƙwaya, sukari ake manna musu mai ɗauke da sinadarin fosfat, kuma idan aka rasa wannan tambari sai su zube waje, yaro ya kamu da cuta mai tsanani alhali an haɗa furotin ɗin lafiya lau. Sai dai misalin tasha yana da iyaka, kuma na daɗe ban lura ba. A cikin ƙwaya babu kawu mai karanta rubutu, babu mai niyya ko tunani. Siffa ce ke dacewa da siffa, kamar makulli da kwaɗo, kamar yadda James Rothman ya nuna a kan yadda jaka ke manne wa bangon da ya dace da ita, aikin da ya sa suka raba Nobel na 2013 da Randy Schekman da Thomas Südhof.

Inda babin ya zo mini har gida shi ne lokacin da na je koyon aiki a ɗakin gwajin jini da damina, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika asibitocin Maraɗi da yara. Jar ƙwayar jini ba ta da retikulum, ba ta da Golgi, amma ƙwayar cutar falsifarum, mai haddasa masassarar, idan ta shige ta tana fitar da ɗaruruwan furotin zuwa cikinta, da yawansu ɗauke da wata alama ta amino asid biyar da aka gano a 2004, har ma tana gina nata wuraren rarraba kaya a gidan da ba nata ba. Wasu daga cikin furotin ɗin suna kaiwa fatar ƙwayar, su sa ta manne wa bangon ƙananan jijiyoyi don kada ta bi ta saifa a halaka ta, kuma idan mannewar ta faru a ƙwaƙwalwa, yaro na iya suma. Mai koya mini ta ɗora gilashin jinin wata yarinya a madubin gwaji, ta ce, "Ƙanena, duba da kyau, me ya sa kusan duka ƙananan ƙwayoyin cutar masu kama da zobba kake gani, ina manyan?" Na ce mata manyan sun riga sun kai kayansu fata, sun maƙale a jijiyoyi, shi ya sa ba sa biyo ɗigon da aka ɗiba a yatsa. Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini gilashi na gaba.