Ƙarin shekara biyar da lissafin fanshona

Da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar 2022 wadda ta kai shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, na ɗauka wahalar alli kawai aka tsawaita mana. Sai da na zauna da takardar asusuna na fansho na gane cewa kowane wata ana zuba kashi 8 daga albashina, gwamnati kuma ta ƙara kashi 10, kuma kuɗin suna ci gaba da haihuwa muddin ban taɓa su ba. Abin da ya dame ni shi ne watanni uku da na tarar ba a zuba komai ba, alhali an cire. Gobe zan kai ƙorafi a rubuce.