Abin da talla ta koya mini a zangon Kumasi

Shekara biyu ke nan ina yawo da waya tsakanin Aboabo da Asawase, ina ɗaukar bidiyon suna da aure da saukar Alƙur'ani ina sa wa a YouTube. Da na fara, na ɗauka da zarar jama'a sun fara kallo dala za ta riƙa zubowa. Ashe akwai jan aiki.

Kafin a fara raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 a cikin wata 12. Da kuɗinka ya kai dala 10, Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, zai aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya, don ya tabbatar da inda kake zaune. Gidanmu kuwa kwatancensa "bayan masallaci, kusa da mai koko" ne, dole na ari akwatin wasiƙun Kawu. Bayan wannan ba a biyanka sai abin da ka tara ya kai dala 100, kuma kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar ne naka.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne ba kowane kallo ne kuɗinsa ɗaya ba. Na taɓa sa bidiyon ranar sallah, duk zango ya kalla, har a tasha ana tare ni ana yaba mini, amma abin da ya shigo bai kai kuɗin datar da na ƙona ba. Sai ga wani ɗaurin aure da ban ɗauke shi a bakin komai ba, masu kallonsa ba su kai rabin na sallar ba, ya ninka shi kuɗi. Da na duba inda ake kallo, sai na ga dangin amarya ne da ke Bronx da Hamburg. Masu talla gwanjo suke yi a kan idon mai kallo, kuma kamfanin da ke neman kwastoma a Amurka ko Jamus ya fi na nan zuba kuɗi. Tun daga nan nake sa sunan unguwa da na gidan biki a kan kowane bidiyo, don 'yan'uwanmu na waje da ke kewar gida su same shi.

Ƙanena ya taɓa tara abokansa su riƙa danna tallar, wai taimakona yake yi. Allah ya sa na ji da wuri na hana, don irin wannan dannawar kan sa a rufe wa mutum asusu.

Watan jiya wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ta kira ni rumfarta.

"Ɗana, kai ne mai bidiyon auren nan? Nawa za ka karɓa ka nuna kayana a farko?"

Na yi shiru, don ban taɓa sa wa kaina farashi ba. Na faɗi abin da ya zo bakina. Ta yi dariya, ta ce na yi araha, ta ƙara mini wani abu a kai. Kafin in hau trotro, motar haya, zuwa Aboabo, saƙon MoMo na kuɗin da ta turo ta waya ya shigo, kuma ya fi abin da na samu a wata biyu.