Godiya ga waɗanda suka kwance wa iyalina mari

Assalamu alaikum, ƴan uwa na Damagaram da na nesa.

Jiya muka yaye ƴarmu. Uwarta da kanta ta goya ta, ta kai ta gidan kakarta a Birni. Na tsaya a ƙofar shago ina kallon bayanta, tana tafe tana gaisawa da matan unguwa, sai na koma na zauna a kan keken ɗinki na kasa taka shi. Wata 20 da suka wuce ban yi zaton zan ga wannan rana ba. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, sai dai kada in kama sunan kowa. Ma'aikatan ƙungiyar da ke kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa a garin nan, in kun karanta, kowa zai gane kansa.

Kwana biyu bayan suna abin ya fara. Barci ya ƙaurace mata. Dare huɗu a jere idonta biyu, tana magana ba tsayawa, tana kwashe kaya daga akwati tana jerawa a tsakar gida, tana cewa za a zo a sace jaririyar. Daga baya ta ce jaririyar ma ba tata ba ce, ta ƙi ba ta nono. Wannan fa mace ce da ko ido ba ta ɗagawa a gaban mahaifina.

Kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce iska ce ta shige ta wurin wankan jego, wasu suka ce sammu ne. Muka kai ta wurin wani mai magani a ƙauye, ya karɓi jika 40 da tunkiya, ya turara ta da hayaƙi har ta shiɗe, sannan ya ce a sa mata mari kada ta shiga duniya. Ni da hannuna na sayo sarƙa da kwaɗo a Kasuwar Dole, ranar Alhamis, ina ɓoye su a cikin buhu don kada wanda ya san ni ya tambaya. Kwana biyu ta yi da sarƙar nan a ƙafa. Wallahi ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne da rashin sani. Amma na yi, kuma har yau ina neman gafararta da ta Allah.

Godiyata ta farko ga Malamar nan ce da ke zagaya gida-gida a unguwarmu ta Zango. Wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata. Ta yi sallama bayan la'asar, ta shiga ɗakin, ta cire takalmi ta zauna a tabarma ɗaya da mai ɗakina. Ta kira ta da sunanta, ta yi mata barka da haihuwa. Mako guda ke nan ba wanda ya yi mata magana kamar mutum, kowa sai dai ya yi magana a kanta. Malama ta jiƙa tsumma ta goge mata idon sawu inda ƙarfen ya kurje, sannan ta waiwayo ta miƙo mini hannu. "Malam, ba ni mabuɗin. Ni zan kwana da ita yau." Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tsare ni da ido ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Na ba ta, ta buɗe kwaɗon, ta naɗe sarƙar ta jefa cikin jakarta. Ta kwana a gidan, ga ta da nata ƴaƴa.

Washegari da sassafe Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya zo. Mutum ne mai furfura, mai sanyin magana. Ya zaunar da ni da Inna a zaure ya yi mana bayanin da ba mu taɓa ji ba. Ya ce wannan ciwo ne da likitoci suka sani sarai, yana kama mace 1 ko 2 a cikin 1,000 da suka haihu, kuma yawanci a cikin mako biyun farko yake tasowa. Ya ce rashin barcin da muka raina shi ne babbar alama, kuma abin na gaggawa ne saboda ita da jaririyar duka suna cikin haɗari, amma mafi yawan mata suna warkewa in an fara magani da wuri. Inna ta ce, "Ɗana, to ruƙiyyar fa?" Ya ce, "Inna, a ci gaba da addu'a dare da rana. Duka da hayaƙi da ɗauri kawai za a bari." Shi ya raka mu babban asibitin ƙasa na Zinder, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, ya tsaya har aka ba ta gado. Bayan allurar farko ta yi barci daga azahar har asuba. Likitoci da ma'aikatan jinyar da suka riƙe ta kwana 12, ku ma Allah ya saka muku.

Mutane suna zaton in an sallami mara lafiya an gama. A nan ne wahalar take, kuma a nan na san darajar ƙungiyar nan. Mako uku da dawowarmu wuyanta ya sandare, hannu yana rawa, yawu yana zuba. Dangi suka ce ai ga shi nan, maganin Nasara ya ƙara lalata ta, a zubar. Saura ƙiris in bi su. Yaron nan mai moto da ke bibiyar marasa lafiya ya iso cikin ƙurar hunturu, fuska fari fat, ya duba ta ya kira Majo a waya nan take. Ashe illar maganin ce, sananniya ce, gyara adadi kawai take so da ƙarin wata ƙwaya. Cikin kwanaki ta saki. Ya ja mini kunne cewa ko ta ga ta warke kada a tsayar da magani sai likita ya ce. Ƙanena, ban san sau nawa ka zo gidana ba, ko kuɗin mai ba ka taɓa karɓa ba.

Hajiya mai riƙe da karne, wato littafin marasa lafiya, wadda ke kirana kwana biyu kafin kowane randebu na ganin likita, na gode. Watan da ɗinki ya tsaya na kasa sayen maganin da likita ya rubuta a ordonas, ke kika san yadda kika yi, kuma ba ki bari kowa ya ji ba. Baba mai gadi, ban manta shayin da ka dafa mini ranar da na zauna a bencinka hawaye suka ci ƙarfina ba. Ba ka tambaye ni komai ba, ka dai matso da kofi. Da Malam limamin da ke aiki tare da ku, wanda ya tako har gida ya karanta wa dattawanmu hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Daga ranar maganar in sake ta in yi wani aure ta mutu.

Abin da ya fi yi mata ciwo bayan ta dawo hayyacinta bakin mutane ne. Ta je ɗibar ruwa, aka janye yara daga kusa da ita. Ta yi wata biyu ba ta leƙa waje ba. Zaman matan da kuke haɗawa shi ya fito da ita. Ta tarar da wasu da suka sha irin nata, wata har ta aurar da ƴaƴa, suka yi kuka tare suka yi dariya tare. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ita ce ta ce in raka ta taronku, ta sa atamfar da na ɗinka mata ta suna wadda ba ta samu ta mora ba.

Majo ya gaya mana gaskiya cewa ciwon yana iya dawowa a wata haihuwar, don haka in Allah ya kawo rabo za mu sanar da su tun cikin yana ƙarami. Yanzu mun san ƙofar da za mu buga. Mata biyu na unguwarmu mai ɗakina ta riga ta raka wurinsu.

Ba ni da abin biyanku. Labulen ɗakin da matan ke zama na ga ya tsufa, na auna tagogin, in sha Allahu ranar Asabar zan kawo sababbi. Allah ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mana, ya jiƙan iyayenku, ya raya muku zuri'a. Malama, sarƙar nan da kika ce in bar miki, na bar miki har abada.