Sunan da na raɗa wa ƙwayar kindirmo

Kindirmon daga Daura na sayo shi, wajen wata Bafulatana da ke zama a bakin tasha, na kawo shi Katsina cikin kula da ƙanƙara. Aikin digirina na biyu ke nan: gano bakteriyar da ke sa nono ya yi tsami. Shuka su a faranti da tsame su ɗaya-ɗaya bai ba ni wahala ba. Na ciro DNA, na ninka sashen 16S da firaimomin 27F da 1492R (gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a fara kwafa), na aika wa wani kamfani ya karanto mini, bayan mako uku haruffa suka dawo ta imel.

Wannan 16S ɗin wani yanki ne na ribosom, injin da ke ƙera furotin a cikin ƙwaya, tsawonsa kusan haruffa 1,500. Kowace bakteriya tana da shi. Wasu wurarensa kusan ba sa canzawa, wurare tara kuma suna bambanta daga zuri'a zuwa zuri'a. Da shi Carl Woese da George Fox suka nuna a 1977 cewa Akiya, wasu ƙananan halittu masu kama da bakteriya, reshe ne daban da bakteriya. Ni dai a lokacin na ɗauke shi kamar katin shaida, ka nuna a faɗa maka suna.

Na zuba haruffan a BLAST, manhajar cibiyar NCBI ta Amurka da ke kwatanta su da waɗanda ke rumbun GenBank, duk sunan da ya fito a layin farko na kwafe. Samfuri na bakwai kuwa kashi 94 cikin ɗari kawai ya dace da na kusa da shi. Na san an daɗe ana cewa abin da ya gaza kashi 97, daga baya aka ce 98.7, yana iya zama sabon jinsi. A daren nan har suna na raɗa wa ƙwayar, da Daura a ciki.

Da safe Malam, mai duba aikina, ya ce in buɗe masa zanen tsaunukan da na'urar karanta DNA ta fitar, wanda daga shi ake samun haruffan. Ban taɓa buɗe shi ba. Farkon layin da ƙarshensa duk a cakuɗe suke, tsauni kan tsauni. “Ɗana, ka yanke ƙazantar nan tukuna,” in ji shi. Da na datse bakin biyu na sake gwadawa, sabuwar ƙwayata ta koma kashi 99 da ɗoriya, sananniya ce tun kafin a haife ni.

Sai ya gangara da ni ƙasan layin farko, inda ban taɓa dubawa ba. Wata ƙwayar da na rubuta wa Lactobacillus plantarum, ga pentosus da paraplantarum a ƙarƙashinta da maki kusan ɗaya. 16S ba ya raba su, sai an koma ga wani sashen DNA kamar recA. Ya ce abin kamar tsagen gado ne a fuska: za ka san gidan da mutum ya fito, amma ba za ka san ko Audu ne ko ƙanensa ba. Haka Bacillus cereus da anthracis suke, haka E. coli da Shigella. Sunan ma kansa ya tsufa, domin a 2020 an tsaga Lactobacillus zuwa zuri'a 25 (zuri'a ita ce kalmar farko ta sunan, jinsi kuma ta biyu), tawa ta zama Lactiplantibacillus.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne GenBank kasuwa ce, kowa na kai kayansa da sunan da ya liƙa musu. Da na ɗora nawa a ranar, da wani ɗalibi ya kwafi kuskurena yana murna. Daga nan na riƙa taƙaita BLAST ga samfuran asali waɗanda da su aka raɗa sunan, in gwada a rumbun EzBioCloud, in leƙa rumbun SILVA na Jamus, sannan in zana bishiyar dangantaka in ga inda tawa ta zauna. Biyu daga cikin samfuran ma yis ne, ba su da 16S irin na bakteriya, sai da na koma ITS, sashen DNA da ake gane yis da shi.

A kundin, huɗu kawai na rubuta wa cikakken suna. Sauran na bar su a sunan zuri'a da “sp.” a gaba, alamar ba a tantance jinsi ba, har da ta bakwai ɗin.