Jujin da ya zama lambu a Alƙahira

Shekaranjiya na sauka Bauchi, har yanzu hayaniyar Alƙahira ba ta fita daga kunnena ba. Jinyar yayana ce ta kai ni. Ranar da likita ya ba mu hutu, ɗan maƙwabcinmu na Jahun da ke karatu a Azhar ya zo masauki ya ce, "Kawu, tashi in kai ka ka ga juji."

Mai tasin da muka tara, da ganin babbar rigata ya ninka kuɗi sau uku, yana magana kamar da bawansa. Sai da yaron ya juye harshe zuwa Larabcinsu sannan ya sauko. Ɗan keken Wunti ma yana tsuga kuɗi, amma ba ya wulaƙanta baƙo haka.

Jujin nan shi ne lambun Al-Azhar. Shekara kusan 500 ana jibge shara da ɓaraguzan gini a wurin har ya zama tudu. A 1984 Aga Khan, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya na lokacin, ya yi alkawarin yi wa birnin lambu, aka buɗe shi a 2005, fili mai hekta 30. Yau ciyawa ce shar, da dabino a jere, da ruwa yana bin 'yan magudanai tsakanin duwatsu. Daga kan tudun kana hango masallacin Muhammad Ali da hasumiyoyin da ba za su ƙirgu ba. Da aka kira Magariba sai na ji kamar garin gaba ɗaya ne ya ɗauki kiran.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ganuwa. Wajen kwashe sharar aka tono katangar zamanin Salahuddin, ta fi kilomita ɗaya, ƙasa ta binne ta. Ba su ture ta ba. Samarin unguwar Darb al-Ahmar da ke jikinta aka koya wa sassaƙar dutse, su suka gyara abinsu. Nan raina ya sosu. Ganuwar da Sarki Yakubu ya kewaye Bauchi da ita, ina yaro mun hau ta ta wajen Ƙofar Tirwun. Yanzu wani wuri an ɗebe ƙasarta an yi tubali, wani wuri bola ce, sunayen ƙofofi kawai muka riƙe.

Wata dattijuwa da ta shimfiɗa tabarma da jikokinta ta ga muna tsaye, ta yafito mu, ta cika mana hannu da gurasa da wake. Shayin cikin lambun kuwa tsada, kuɗin kofi ɗaya zai ƙosar da mutum biyu da masa a gida.

Washegari muka je kasuwar Khan Khalili, na sayo wa iyali turare da carbi. Iskandariya ba mu samu zuwa ba. Aka sallami Yaya ranar Talata, muka biyo jirgi ta Kano.