Ƙofar da HIV ke bi

Talata, bayan isha'i. Tun la'asar aka ɗauke wuta, da ɗan sauran cajin waya nake rubutun nan.

Yau a lacca malaminmu na famasi ya kawo wani zance da har yanzu ya ƙi barin kaina. Ya ce yawancin magungunan bairos ita ƙwayar cutar suke bi kai tsaye, ita kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, musamman HIV da kullum in tana kwafar kanta sai ta yi kuskure, a haka har a samu wadda magani ba ya ci. Amma bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, dole sai ya shiga cikin ƙwayoyin jikinmu ya ari kayan aikinsu, shi ne masu bincike suka ce to a toshe mashigar mana.

Ya zana da'ira a allo, ya ɗiga mata ɗan ƙulli a gefe ya rubuta CCR5. Nan HIV ke kamawa a jikin fararen ƙwayoyin jini kafin ta kutsa, maganin maraviroc da Amurka ta amince da shi a 2007 nan yake zuwa ya zauna ya tare. Akwai ma mutanen da aka haifa ba su da wannan ƙofar, ɓargon ɗaya daga cikinsu aka dasa wa Timothy Ray Brown a Jamus saboda kansar jini, ya rabu da HIV ɗin gaba ɗaya. Allah mai iko!

Ni dai Gwaggo ce ta faɗo min a rai. Bara aka canza mata magani don na farkon ya daina yi, na tuna robar da ta ɓare wa takarda tana ɓoyewa a ƙasan akwatin zannuwanta, da yadda zobe ya riƙa zamewa daga yatsanta. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, na ce Malam to me ya hana a ba kowa maraviroc ɗin? Ya ce wata HIV ɗin ta wata ƙofar take bi, CXCR4, sai an yi gwaji an gane wacce ce, ga tsada, kuma ƙofar tamu ce, jiki na da aikin da yake yi da ita.

Jikina ya ɗan yi sanyi gaskiya, amma a cikin adaidaita ma zancen CCR5 ɗin nake karantawa, zan roƙi a ba ni shi a furojet ɗina. Na kira Gwaggo ƙarfe tara, ta ce ta sha na yau.